RANAR DA MUTUM 77,650 SUKA TAFI KALLON WASAN LEBURORI

Cikin shekarar 1951, mutum 77,650 suka shiga filin wasa na Hampden da ke birnin Gilasgo, a ƙasar Sikotland, don su kalli wasan ƙarshe na cin wani kofin tamaula. Wanda ya ji wannan adadi zai zaci ko Celtic ce ta kara da Rangers, ko kuwa Sikotland ce ta karɓi baƙuncin Ingila. To, ba ko ɗaya. Ƙungiyoyin da suka fito fili ran nan su ne Petershill, ta wata unguwar ma'aikata da ake kira Springburn a arewacin Gilasgo, da kuma Irvine Meadow, ta wani gari na bakin teku a lardin Ayrshire. 'Yan wasan kuwa, kamar sauran 'yan ajinsu, mutane ne masu cin abinci da guminsu a wajen aiki, waɗanda ran Litinin da sassafe kowannensu zai ɗauki ƙunshin abincinsa ya koma bakin sana'arsa. Petershill ce ta ɗauki kofin da ci ɗaya mai ban haushi. Har yau ba a sake tara jama'a kamar ta ran nan a wannan gasa ba.

Ba kuwa shekarar nan kaɗai aka ga irin wannan cinkoso ba. Cikin 1949 mutum fiye da 68,000 suka kalli Auchinleck Talbot ta doke Petershill ɗin nan da ci uku da biyu, alhali kuwa Auchinleck ƙauye ne na masu haƙar kwal, wanda ko a yau mutanensa ba su cika 4,000 ba. Cikin 1952 ma kusan mutum 70,000 suka je ganin yadda Kilbirnie Ladeside ta ci Camelon ta tafi da kofin gida.

Waɗanda suka buga wasa a zamanin nan sun kusa ƙarewa. Masu ba da labarin yanzu galibinsu yara ne a lokacin, waɗanda iyayensu suka riƙe wa hannu zuwa fili. Idan mutum ya kasa kunne ga abin da suke tunawa, zai ga sukan fara da ƙwallo, amma kafin a jima sai zancen ya gangara kan ramin kwal, da masana'anta, da maƙwabtan da suka watse. Dalili kuwa shi ne, abin da ya tara taron nan shi ne aiki, kuma da aikin ya tafi sai taron ya bi shi.

Ma'anar Juniya a Sikotland

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya fahimci wata kalma, don kada ta ruɗe shi. A Sikotland, idan aka ce tamaular Juniya, ba wasan yara ake nufi ba. Wani aji ne na ƙwallon ƙafa da ke ƙasa da ajin manyan kulob, watau Siniya, a zamanin da muke magana a kai kuwa yana da hukumarsa ta kansa wadda aka kafa tun cikin 1886, da gasanninsa, da kofinsa na ƙasa baki ɗaya. A cikin ƙungiyar Juniya guda za ka tarar da saurayi ɗan shekara goma sha bakwai mai fatan wani babban kulob ya gan shi, kusa da shi kuma ga magidanci ɗan shekara talatin da biyar wanda ya riga ya je Siniya ya dawo, gwiwoyinsa duk tabo. Ana ɗan ba su abin sayen sabulu bayan wasa, 'yan sulalla ko fam guda a cikin ambulan, gama a lokacin kuɗin Birtaniya fam ne da sule da kwabo, irin waɗanda iyayenmu suka kashe kafin zuwan naira.

A wancan zamani, tsakanin ajin nan biyu ba hawa ba sauka. Kome ƙarfin ƙungiyar Juniya a lokacin, ba ta da hanyar shiga gasar manya, sai dai manyan su zo su tsince mata 'yan wasa. Wannan tsintar ta taɓa haddasa babbar rigima, har daga 1927 zuwa 1931 ƙungiyoyi da yawa na yammacin ƙasar suka ɓalle suka kafa tasu gasar, don neman a riƙa biyansu diyya mai kyau idan an ɗauke musu yaro.

Kusan kowane ƙauye mai ramin kwal a lardunan Ayrshire da Lanarkshire da Fife da Lothian yana da ƙungiyarsa, haka kuma unguwannin Gilasgo masu ƙera jiragen ruwa da injunan jirgin ƙasa. Sunayen ƙungiyoyin ma abin sha'awa ne. Akwai Bonnyrigg Rose da Linlithgow Rose masu sunan fure, akwai Newtongrange Star mai sunan tauraro, akwai Kirkintilloch Rob Roy da ta ɗauki sunan wani shahararren ɗan tawaye na ƙasar tuddai. Waɗanda kuma ke da Celtic ko Harp ko Hibs ko sunan wani waliyyin Kirista a jikin sunansu, galibi jikokin mutanen Ailan 'yan ɗariƙar Katolika ne suka kafa su, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku neman aiki.

Ran Asabar da rana

Abin da tsofaffin 'yan kallo suka fi yawan tunawa shi ne yadda ranar Asabar take tafiya. An gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, sojoji sun komo gida, aiki ya samu ga kusan duk mai so, gwamnati kuma ta karɓi ramukan kwal daga hannun kamfanoni ran 1 ga Janairun 1947. Kuɗi ya ɗan shiga aljihun lebura, amma ba abin saye, domin abinci da wasu kayan masarufi da kati ake raba su, ba a kuwa gama janye katin ba sai cikin 1954. Mota sai wane da wane. Talabijin bai iso Sikotland ba sai 1952, ko da ya iso ɗin ma gidaje kaɗan ne suka mallake shi. Mutum ya tashi daga aiki da tsakar rana, ya wanke baƙin kwal, ya ci abin da ya samu, ya kafa hularsa, to ina za shi in ba fili ba? Filin kuwa yana nan bayan layin gidajen ma'aikata, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa.

Filayen ba su da wani ƙawa. Tudun toka ne da ɓaraguzan da aka kwaso daga rami aka tara kewaye da fili, aka jera katakon layin dogo a kai don mutane su sami wurin tsayawa. Rumfa guda ta kwano, in akwai, ita ce mafakar ruwan sama, ruwan kuwa a ƙasar nan ba ya jin kiran sallama. Yara ba su cika biyan kuɗin shiga ba. Yaro yakan tsaya bakin ƙofa ya roƙi duk wani babba da ya zo wucewa ya ɗaga shi ya tsallakar da shi ƙarfen ƙofar, mai karɓar kuɗi kuwa ya kau da kai kamar bai gani ba. Da hutun rabin lokaci sai a yi layi a sayi wani ɗan burodi mai nama a ciki da kofin romon Bovril mai zafi, don a kori sanyi. Da yamma kuma a tsaya bakin kanti ana jiran fitowar jaridar wasanni ta Asabar, wadda a Gilasgo ake bugawa a kan takarda mai launi, don a ga yadda ƙauyukan maƙwabta suka kwashe.

Su kuma tsofaffin 'yan wasa, ƙwallon kanta suke fara tunawa. Ta fata ce mai ɗinkin igiya a baki, idan ta sha ruwa da taɓo sai ta yi nauyi kamar tubali, wanda ya sa mata kai a daidai ɗinkin kuwa ya kwana da shaida a goshi. Takalman masu tauri ne, masu rufe idon sawu. Wasu filayen ma ba ciyawa, jar tsakuwa ce daƙaƙƙiya, wadda in ka faɗi a kanta sai an zauna da buroshi ana cire maka ita daga cikin rauni. Ba a canja ɗan wasa a lokacin, saboda haka wanda ya ji ciwo sai a tura shi gefen fili ya yi ta ɗingishi har a tashi. Bayan wasa, duk 'yan ƙungiya su afka cikin kwarmin wanka guda, ruwan ya koma kamar kunun kanwa.

Amma babbar rana ita ce ta kofin ƙasa. Gasar ta sili-ɗaya-ƙwale ce, ana jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyin ƙasar duka, saboda haka ƙauyen da ke kudu maso yamma yana iya samun kansa a kan hanyar Aberdeen, can arewa maso gabas. Idan ƙungiya ta kai wasan ƙarshe, sai a yi hayar jiragen ƙasa na musamman da motocin safa, a rufe kantuna, gari ya zama kufai, ba kowa sai tsofaffi tukuf da jarirai. Mata ma, waɗanda ba su cika zuwa wasan mako-mako ba, ran nan da su ake tafiya, kowa ya maƙala ƙyallen launin ƙungiyarsa. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye, har waɗanda ba a ga maciji da su, sukan bi ayari, wasu don goyon bayan lardi, wasu don su ga faɗuwar maƙwabci da idonsu. Mutanen Gilasgo kuma da ba ruwansu da kowane ɓangare sukan zo don kallo kawai. Ta haka ƙauye mai 'yan dubban mutane yake jawo taron dubu sittin da wani abu. Idan aka yi nasara, a komo da dare a tarar da makaɗan gari suna jira da ganguna da algaitarsu mai jaka, a zaga da kofi titi-titi. A Auchinleck an yi shekara 37 ana ba da labarin daren 1949 kafin kofin ya sake komowa garin.

Ƙofar fita daga rami

Don mai karatu ya gane abin da ya sa saurayi yake buga wannan wasa kamar ransa ne a kai, sai ya dubi abin da ke jiransa in bai yi nasara ba. Cikin watan Satumba na 1950, bayan an sha ruwan sama mai yawa, wata fadama ta rufta cikin ramin kwal na Knockshinnoch da ke New Cumnock, garin ƙungiyar Glenafton Athletic, laka ta toshe hanyar fita. Mutum 116 suka yi fiye da kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa kafin a fito da su ta wani tsohon rami mai cike da iskar guba, kowanne da na'urar numfashi a fuska. Mutum 13 ba su fito da rai ba. Cikin 1962 kuma bakin ramin Barony, inda mutanen Auchinleck da yawa ke aiki, ya rufta ya binne mutum huɗu, har yau kuwa gawarwakinsu na can ciki. Wanda ya tsira daga irin wannan, ƙurar kwal tana jiran huhunsa in ya tsufa. Uban da ya tsaya bakin fili yana yi wa ɗansa tsawa ya san abin da yake guje masa.

Ƙofar kuwa ba ta ƙarya ba ce, an ga waɗanda suka fita ta cikinta. A kowane wasa akan ga wani baƙo da doguwar kwat yana tsaye shi kaɗai yana rubutu a ɗan littafi, nan da nan raɗa ta zaga fili cewa ɗan leƙen wani babban kulob ne ya zo. Mutum uku da suka fi kowa suna cikin masu horad da 'yan wasa a Birtaniya bayan yaƙi, duk ta wannan hanya suka bi tun kafin zamanin da muke magana a kai, duk kuwa sun taɓa aikin rami. Matt Busby ya buga wa Denny Hibs kafin ya tafi Ingila cikin 1928, shi ne kuma ya kai Manchester United ga cin Kofin Turai cikin 1968. Jock Stein ya fara ne a Blantyre Victoria, ya daɗe yana haɗa ƙwallo da haƙar kwal, bai rabu da rami ba sai 1950. Na ukunsu Bill Shankly, wanda ya tada Liverpool daga barci tsakanin 1959 da 1974, ɗan wani ƙauye ne da ake kira Glenbuck. Mutanen ƙauyen nan ba su taɓa cika 2,000 ba, amma ƙauyen, mai ƙungiyar Glenbuck Cherrypickers, ya fitar da 'yan wasa kimanin 50 da suka ci abinci da ƙwallo, ciki har da Shankly da 'yan'uwansa maza huɗu. Da aka rufe ramin garin sai ƙungiyar ta mutu cikin 1931, dole Shankly ya tafi wata ƙungiyar Juniya ta ƙauyen Cronberry. Abin da ya sami Glenbuck tun a lokacin, shi ne ya zo ya sami sauran daga baya.

Bayan yaƙi sai hanyar ta ƙara faɗi. Jim Baxter yana aikin rami a lardin Fife yana buga wa Crossgates Primrose, Raith Rovers ta ɗauke shi cikin 1957, daga nan sai Rangers. Shi ne wanda cikin 1967 ya tsaya tsakiyar filin Wembley yana wasa da ƙwallo a kan ƙafarsa don ya raina Ingila, wadda ke riƙe da Kofin Duniya, ran da Sikotland ta ci ta uku da biyu. Dave Mackay ya fito daga Newtongrange Star, John White kuma daga Bonnyrigg Rose, suka haɗu a Tottenham suka ci gasar Ingila da kofinta a shekara guda, watau 1961. White bai yi tsawon rai ba, tsawa ta faɗa masa cikin 1964 yana da shekara 27. A Bonnyrigg Rose ɗin nan kuma, farkon shekarun 1950, akwai wani dogon saurayi ɗan Edinbara mai buga gefen dama, ana ce da shi Connery. Bai yi nisa a ƙwallo ba, amma duniya ta san shi daga 1962 a matsayin James Bond na sinima. Mutanen garin, in ana ba da labarinsa, sukan fi tuna kyawun tufafinsa da yadda 'yammata ke jiransa a bakin ƙofa fiye da ƙwallayen da ya ci.

Babbar shaida dai ita ce ta 1967, lokacin da Celtic, a ƙarƙashin Jock Stein, ta doke Inter Milan da ci biyu da ɗaya a Lisbon, ta zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki Kofin Turai. Duk 'yan wasan goma sha ɗaya an haife su ne cikin mil talatin daga filin kulob ɗin, tara daga cikinsu kuwa sun bi ta Juniya. Kyaftin Billy McNeill ya yi Blantyre Victoria kamar maigidansa, Jimmy Johnstone ya yi Blantyre Celtic, Bobby Murdoch ya yi Cambuslang Rangers. Tommy Gemmell da ya rama ƙwallon farko daga Coltness United ya fito, Stevie Chalmers da ya ci ta biyu kuwa daga Ashfield.

Da yawansu manyan kulob ne da kansu suke tura su. Idan kulob ya sa hannu da yaro, sai ya aika da shi wata ƙungiyar Juniya ya yi shekara guda ko biyu tsakanin ƙarti, ya sha duka, ya koyi tsalle kafin ƙafa ta iso. Haka Celtic ta yi wa Kenny Dalglish cikin 1967, ta tura shi Cumbernauld United yana koyon kafinta da rana, ya kuwa ci musu ƙwallo 37 a kaka guda. Akwai kuma wata hikima a ciki: yaron da ya taɓa zama ɗan Juniya, in abin bai karɓe shi a sama ba, yana da inda zai komo ya ci gaba da wasa. Waɗanda suka komo ɗin kuwa sun ninka waɗanda suka wuce sau da yawa, kuma labarinsu ne ya fi yawa a bakin tsofaffi: wane da aka ce ya fi Baxter iya ƙwallo amma giya ta ci shi, wane da ya karye ana saura mako guda ya tafi gwaji, wane da ya ƙi tafiya Ingila domin ladansa na rami da 'yan sulallan Asabar sun ishe shi, ga kuma tsohuwa a gida.

Ba duka ne abin yabo ba

Tsufa yakan wanke wa jiya fuska, saboda haka ya kamata a faɗi ɗaya gefen. Wasan Juniya ya yi suna wajen keta da mugun tarko, kuma 'yan kallo suna tsaye ne dab da layi, har mai jefa ƙwallo daga gefe yana jin numfashinsu a ƙeyarsa, wani lokaci ma da sandar laima. Alƙalan wasa sun ga tasku. Labarin alƙalin da 'yan sanda suka raka tashar jirgi, ko wanda ya fice ta tagar baya, kusan kowane ƙauye yana da irin nasa, ko da yake wasu an ƙara musu gishiri. Gabar da ke tsakanin Auchinleck Talbot da Cumnock, garuruwa biyu da tsakaninsu bai wuce mil biyu ba, ta shahara a ƙasar duka, an sha ba hammata iska a cikin fili da wajensa, alhali kuwa mutanen nan ran Litinin keji guda zai sauka da su cikin rami, ran kowa a hannun ɗan'uwansa. A wasu wuraren kuma bambancin Katolika da Furotesta yakan shigo cikin zage-zagen.

Sa'an nan ga ƙararraki. 'Yan kwamitin ƙungiyoyin Juniya gwanaye ne wajen bin diddigin dokoki. Ƙungiya ta sha kaye ran Asabar, kafin tsakiyar mako sakatarenta ya shigar da ƙara cewa wane da ya buga wa abokan hamayya ba a yi masa rajista daidai ba, ko kuwa da sunan wani ya shiga fili. Sau da yawa ƙarar takan ci, a sake wasa. Amma kada a raina mutanen nan. Su ne ke yanke ciyawa, su ja layi da farar ƙasa, su bi gida-gida suna sayar da tikitin taimakon ƙungiya, matansu kuma su wanke rigunan wasa su dafa shayi, duk ba ko kwabo.

Yadda taron ya watse

Tun kafin shekarun 1950 su ƙare jama'a ta fara raguwa. Tashar talabijin ta 'yan kasuwa ta buɗe a Sikotland cikin 1957, aka halatta shagunan caca cikin 1961, motoci suka yawaita, saurayin ƙauye ya ga ba abin da zai hana shi zuwa Gilasgo kallon Rangers ko Celtic. Hukuma kuma ta shiga rushe tsofaffin unguwannin birnin masu cunkoso, tana kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a bayan gari da sababbin garuruwa irin su East Kilbride da Cumbernauld. Gidajen sun fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma ƙungiyar unguwa ba ta bin mutane a motar kaya. Shawfield, wadda ta ci kofin ƙasa cikin 1947, da Parkhead da Strathclyde da Bridgeton Waverley da Maryhill Harp, duk sun shuɗe cikin shekarun 1960.

Sai kuma aikin kansa ya fara tafiya. Babban kamfanin ƙera injunan jirgin ƙasa na Springburn, unguwar Petershill, wanda injunansa suka yi aiki a Indiya da Afirka, ya rufe cikin 1962. Ramukan kwal suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na Newtongrange ya tsaya cikin 1981, yanzu gidan tarihi ne. Bayan dogon yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta karya, sauran ma ba su daɗe ba. Barony ya rufe cikin 1989, rami mai zurfi na ƙarshe a ƙasar kuma, watau Longannet, cikin 2002. Wasan ƙarshe na kofin ya bar Hampden ya koma ƙananan filaye, inda 'yan dubbai kan isa su cika ido.

Wani abin lura shi ne, daidai lokacin da aiki ke ƙarewa a Auchinleck ne ƙungiyar garin ta fi haskakawa. A ƙarƙashin Willie Knox ta ci kofin sau uku a jere, 1986 da 1987 da 1988, ta ƙara cikin 1991 da 1992. Magidantan da aka sallama daga rami, ba su da wurin haɗuwa da ya rage musu kamar filin Beechwood. Daga baya Tommy Sloan ya ɗora daga inda Knox ya tsaya, har cikin 2022 ƙungiyar ta ɗauki kofin karo na 14.

Katangar da ke tsakanin Juniya da Siniya ma ta zo ta faɗi. Daga 2007 aka fara barin zakarun Juniya su shiga babban Kofin Sikotland, cikin 2009 kuma Irvine Meadow, wadda ta sha kaye a gaban taron 1951, ta fitar da Arbroath, ta zama ƙungiyar Juniya ta farko da ta yi wa ƙungiyar babbar gasa haka. Kelty Hearts ta bar Juniya cikin 2017, ƙungiyoyin gabas da yawa suka bi ta cikin 2018, sa'an nan cikin 2020 na yamma duka suka ƙaura zuwa sabon tsari mai hawa da sauka, ko da yake da yawansu sun ci gaba da shiga gasar tsohon kofin. Samari sun yi murna da samun tsani. Tsofaffi da dama kuwa sun ga kamar an sauke allon sunan gidansu ne.

Glenbuck yanzu kufai ne, haƙar kwal ta sararin ƙasa ta cinye wurin, sai dutsen tunawa da Shankly, wanda magoya bayan Liverpool kan yi tattaki su ziyarta. A Barony kuwa an bar ƙaton ƙarfen da ke bakin ramin a tsaye, ana hango shi daga nesa, kusa da shi ga alamar tunawa da mutum huɗun da ke ƙasa. Cikin watan Janairu na 2019, ɗan nesa kaɗan da ƙarfen nan, Auchinleck Talbot ta karɓi Ayr United, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin lardin, a gasar Kofin Sikotland, ana nuna wasan a talabijin kai tsaye. Filin Beechwood ya cika maƙil, jama'a na tsaye dab da layi kamar yadda kakanninsu suka tsaya. Talbot ta ci ɗaya da nema.